Yadda Za Ka Zaɓi Ƙaramar Jakar Sirdin Keke Ta Kayan Faci Da Gyara

A cikin gari, wanda tayar kekensa ta sace ba ya shan doguwar wahala, domin da wuya ya yi nisa yana tura keken bai tarar da mai faci a gindin bishiya ba. Abin ya sha bamban ga wanda ke fita bayan gari: malamin da ke zuwa makarantar ƙauye, manomin da gonarsa ke da nisa, ko matasan da ke fita motsa jiki da kekunan tsere bayan sallar Asuba, lokacin da ko mai shayi bai gama hura wuta ba. Ga irin waɗannan, ƙayar tsidau guda ɗaya ko noti ɗaya da ya kwance ya isa ya mai da tafiyar awa ɗaya ta zama ta wuni guda. Don haka ake ɗaura 'yar ƙaramar jaka a ƙarƙashin sirdi, ta zauna can dindindin da kayan gyara a cikinta, ko ka tuna da ita ko ka manta.

Yawancin mutane jakar suke fara saya saboda ta burge su a shago, sannan su dawo gida suna ta kokawar cusa kaya. A ganina wannan aikin baya-baya ne. Keken ne zai gaya maka kayan da kake buƙata, kayan kuma su ne za su gaya maka girman jakar. Saboda haka sayen jakar yana can kusa da ƙarshe.

Mataki na farko: karanta kekenka

Durƙusa ka duba gefen tayar. Za ka ga lambobi a jikin robar, kuma su ne ma'aunin tiyub ɗin da zai shige ta. Tsofaffin kekunan nan masu burkin ƙarfe, irin su Raleigh da Phoenix, yawanci 28 x 1½ ne. Kekunan tsere suna ɗauke da 700 x 25C ko 700 x 28C ko makamancin haka. Kekunan hawan tsauni kuwa 26 ne, ko 27.5, ko 29. Akwai kuma wata lamba mai kashi biyu, kamar 25-622, wadda ta fi sauran tabbas: ta farkon faɗin tayar ne da milimita, ta biyun kuma faɗin da'irar rim ɗin. Tayar 700C da ta 29 duk 622 ne, ta 27.5 tana 584, ta 26 ta keken tsauni tana 559, ita kuwa 28 x 1½ tana 635. Ka lura da wannan na ƙarshen, domin wasu kekunan gwanjo da ake kawowa daga Turai ana rubuta musu 28 alhali 622 ne. Ɗauki hoton lambar da wayarka kafin ka tafi kasuwa.

Sai bawul. Iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota da babur, wato Schrader, wanda kowane mai faci zai iya ba shi iska. Akwai siriri mai ɗan noti a kai da ake warwarewa kafin a hura, wato Presta, wanda ya fi yawa a kekunan tsere. Na uku shi ne Dunlop, na tsofaffin kekuna, wanda tsohon samfurinsa ke da 'yar siririyar roba a ciki. Ramin rim na Presta kusan milimita 6.5 ne, na Schrader kuma kusan 8.5, don haka tiyub mai bawul ɗin mota ba zai shiga rim ɗin Presta ba ko ka yi yaya. In rim ɗinka mai zurfi ne, auna tsawon bawul ɗin ma, domin akwai na milimita 40, da 48, da 60, har 80, kuma gajere ba zai leƙo waje yadda famfo zai kama shi ba.

Abu na uku, duba yadda aka ɗaure ƙafafun keken. In 'yar liba ce da ake buɗewa da hannu, ba ka buƙatar komai. In noti ne, kusan kullum sifana 15 yake sha. Wasu sababbin kekuna kuma sanda ce mai kauri da ake kwancewa da alanki, wato makulli mai kusurwa shida, lamba 5 ko 6. Daga nan ka bi sauran keken da ido, sirdi da kan keke da burki, ka ga me ke kwance kowanne. A kekunan zamani alanki 4 da 5 da 6 su ne ke yin mafi yawan aikin, sai kuma makulli mai kan tauraro T25 ga masu burkin faifai. A tsofaffi kuwa ƙananan sifanu da sukundireba ne.

Mataki na biyu: tara kayan a kan tabarma

Yanzu ka san abin da kake nema. Ga mai keken tsere ko na tsauni, kayan da ba a sasantawa a kansu su ne tiyub ɗaya sabo, liba biyu ta roba ta ɓare taya daga rim, faci da sholisho da ɗan guntun sanfefa, da haɗaɗɗen makulli mai naɗewa wanda ke da alankin da ka tabbatar kekenka na sha. Ka ƙara da mahaɗin sarƙa, wanda bai fi girman farce ba. Sai dai dole ya dace da sarƙarka, domin na giya 8 daban, na 9 daban, haka 10 da 11 da 12. Mahaɗin kuma ba zai yi maka amfani ba in makullinka ba shi da abin cire fil ɗin sarƙa, tunda sai ka cire gaɓar da ta karye kafin ka haɗa.

Ga mai tsohon keke irin na gargajiya lissafin ya canza, kuma a nan nake ganin mutane suna kwaikwayon abin da bai dace da su ba. Cire ƙafar baya a keke mai burkin ƙarfe da murfin sarƙa da kariyar ɗaukar kaya aiki ne ja, ba na gefen hanya cikin rana ba. Shi ya sa masu faci ba su cika cire ta ba: sukan ɓare taya ta gefe ɗaya, su zaro tiyub ɗin yana nan a jikin keken, su like, su mayar. Kai ma haka za ka yi. Ke nan faci mai yawa da sholisho mai kyau da liba mai ƙarfi sun fi maka tiyub na ajiya amfani, musamman da yake tiyub ɗin 28 x 1½ yana da girma, zai cinye jakar shi kaɗai. Kar ka manta da robar bawul ta ajiya guda biyu ko uku. Sau da yawa abin da mutum ke zaton faci ne, wannan 'yar robar ce ta tsufa ta tsage.

Akwai ƙananan abubuwa da ba su cin wuri amma suna fitar da mutum kunya. Guntun tsohuwar taya mai tsawon yatsa, wanda aka yanke wa wayar baki, ko ɓawon man goge baki da aka tsaga aka wanke: in kwalba ta yanka tayar kanta, shi za ka shimfiɗa ta ciki don kada tiyub ya ɓullo ta ramin ya fashe. Sai igiyar roba mai ɗaure waya guda biyu, da ɗan tsumma, da 'yan canjin da za su ishe ka biyan mai faci ko sayen ruwa. Wanda tayarsa ba ta amfani da tiyub sai ya ƙara da 'yan tsinken roba na toshe rami da allurarsu, kuma duk da haka ya riƙe tiyub ɗaya, domin akwai yankan da ruwan toshe huji da ake zubawa cikin irin wannan tayar ba ya iya toshewa.

Batun iska shi ne ya fi rikita lissafin girman jaka. Ƙaramin famfon hannu yakan kai santimita 15 zuwa 25, kuma yawancin ƙananan jakunkuna ba za su ɗauke shi ba. Wurinsa shi ne jikin keken, kusa da mariƙin gorar ruwa. Masu tsere suna son 'yar tukunyar iskar CO2 mai giram 16, wadda ke cika tayar keken tsere cikin 'yan daƙiƙu kuma tana shiga jaka sumul. Amma sau ɗaya ake amfani da ita. In ka yi kuskure iskar ta zube, shi ke nan. Tana yin sanyin da zai iya ƙona yatsa lokacin da take fita, iskarta tana saurin sulalewa daga tiyub har sai ka sake hurawa washegari, ba kuma kowane shago ke sayar da ita ba. Ga shi masu ƙera ta suna gargaɗin kada a bar ta cikin zafin da ya kai wajen digiri 50, alhali a Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura 40 a inuwa, balle cikin baƙar jaka a keken da aka jingine a rana. Shawarata ita ce famfo ya zama shi ne madogara, tukunyar kuma ƙari ce ga mai hali.

Mataki na uku: auna tarin

Naɗe tiyub ɗin tam bayan ka matse duk iskar da ke ciki, ka jera sauran kayan a jikinsa yadda za su fi matsuwa, ka ɗaure da roba. Ɗauko rula ka auna tsawo da faɗi da tudu da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne lita. Misali, 12 sau 7 sau 6 ya ba da 504, wato rabin lita ke nan. Da lita ake rubuta girman waɗannan jakunkuna. Mai lita 0.4 zuwa 0.6 takan ɗauki tiyub ɗin keken tsere ɗaya da liba da makulli da faci. Mai 0.8 zuwa lita 1 takan ɗauki tiyub ɗin keken tsauni, ko na tsere guda biyu. Daga lita 1.5 zuwa sama kuma ta mai son ƙara waya, makullan gida ko ɗan dabino ce. Ka riƙe tsawon abin da ya fi kowanne tsawo a ranka, musamman sifana 15, domin jaka tana iya samun litar da ta isa amma ta gaza a tsawo. Akwai gajerun sifanu da aka yi don wannan, ko kuma mai walda ya rage maka tsawon wata tsohuwa.

Zaɓi jakar da ta ɗara tarin naka kaɗan kawai. Wadda ta yi yawa tana lilo, kayan suna ta karo da juna, kuma bakin makulli yana gogar tiyub sannu a hankali har ya huda shi tun ba a yi amfani da shi ba. Wadda ta matse da yawa kuma zif ɗinta ne zai fara mutuwa.

Mataki na huɗu: duba ƙarƙashin sirdi da yadda jakar za ta ɗauru

Nan ne ingancin jaka yake, fiye da launi ko sunan kamfani. A ƙarƙashin sirdin zamani akwai ƙarafa biyu da ke tafiya daga gaba zuwa baya, kuma a jikinsu ake rataya jakar. In an tura sirdinka baya ko gaba sosai, sauran ƙarfen da ya rage a bayan maɗaurin ba lallai ya isa ba, don haka leƙa ka gani. Auna kuma tazarar da ke tsakanin sirdi da saman tayar baya, ko madigadi in akwai. Gajerun mutane da yara, waɗanda sirdinsu ke ƙasa, su ne wannan ya fi shafa. Ni nakan so a bar aƙalla faɗin yatsu uku tsakanin gindin jaka da taya bayan an cika ta. In kekenka yana da sifirin a baya, ka zauna a kai da ƙarfi ka ga iya inda tayar ke tasowa kafin ka yanke hukunci.

Hanyoyin ɗaurin iri-iri ne. Wadda ta fi yawa ita ce madauri mai mannewa, wato Velcro, biyu a jikin ƙarafan sirdi, ɗaya a jikin sandar sirdi. Tana da araha kuma tana shiga kusan kowane keke, amma ƙurar hunturu da zaren tufafi suna cika haƙoranta har ta daina kamawa, kuma bakin madaurin da ke jikin sanda yana cin cinyar wando in ya leƙo. Mai sa doguwar riga ya fi kowa sanin wannan. Ta biyu ita ce madauri mai ƙugiya ko bakul da ke zagaye jakar gaba ɗaya ya matse ta a jikin sirdi. Ita na fi so ga hanyoyinmu masu gargada, domin matsewar tana hana kayan ciki motsi, kuma ƙura ba ta dame ta ba. Ta uku ita ce mariƙin roba mai tauri da ake ɗaurewa a ƙarafan sirdi da noti, jakar kuma ta riƙa shiga tana fita da dannawa ɗaya, kamar tsarin QuickClick na kamfanin Topeak. Amfaninsa a fili yake ga wanda ke ajiye keke a ƙofar masallaci, kasuwa ko makaranta, tunda zai zare jakar ya shiga da ita. Illarsa ita ce in robar ta karye, samun madadinta sai an sha nema, kuma ba kowane sirdi take kamawa ba, musamman mai ƙarafan kabon (wani abu mai ƙarfi mara nauyi da ake amfani da shi a madadin ƙarfe) waɗanda ba zagayayyu ba ne.

Sirdin tsohon keke mai manyan sifirin biyu a baya wani abu ne daban. Sifirin ɗin sukan tare wurin da jakar zamani za ta zauna. Amma in ka duba bayan irin wannan sirdi, sau da yawa za ka ga 'yan kunnuwa biyu na ƙarfe masu rami. Don jakar kayan aiki aka yi su, irin 'yar jakar fatar nan da kekunan da suke zuwa da ita, kuma har yau sirdin fata na Brooks samfurin B17 yana da su. Jakar da ta dace da su ita ce mai kwanciya a gicciye da madauri biyu a sama. Wannan kuwa ba sai an jira ta daga waje ba. Baduku ko mai ɗinkin kushin zai ɗinka maka ita da fata ko tamfol in ka kai masa awon da ka yi da keken kansa, ya ga tazarar kunnuwan da idonsa. Ka roƙe shi ya ninka ɗinki a inda madauri ya haɗu da jaka, domin nan ne nauyin yake.

Gargaɗi biyu a taƙaice. In sandar sirdinka irin mai sauka da tashi ce ta kekunan tsauni, kada ka ɗaura komai a jikin sashen da ke zamewa, nemi jakar da ke kama ƙarafan sirdi kaɗai. In kuma sandar ta kabon ce ko mai fenti, naɗa mata baƙin tef na masu wayarin a inda madauri zai zauna, saboda ƙura da gogayya suna cin ta.

Mataki na biyar: yadi, zif da ruwa

Jakar sirdi tana zaune ne daidai inda tayar baya ke watso duk abin da ta taka. In ba ka da madigadi, da damina taɓo ne, da rani ƙura. Nemi yadin nailan mai kauri, irin wanda ake rubuta wa 600D ko 1000D, ko mai sunan Cordura. Jakar da aka ɗinka da zare tana jure yayyafi amma ruwa na bi ta ramin allura. Wadda ba ta shan ruwa da gaske ita ce wadda aka like gaɓoɓinta da zafi, bakinta kuma naɗe shi ake yi maimakon zif, irin aikin da aka san kamfanin Ortlieb na Jamus da shi. In ka ga an rubuta IP64, lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 4 kuma tana nufin tana jure fantsamar ruwa, ba nutsewa a kududdufi ba.

In mai zif ka samu, ja shi sau da yawa a shagon. Manyan haƙora sun fi ƙanana jure ƙura, kuma zif ɗin YKK ya yi suna wajen ƙarko. Wanda aka rufe da leɓen yadi, ko wanda ke gefe maimakon fuskantar taya, ya fi daɗewa. Goga masa kyandir lokaci-lokaci, kada ka sa masa mai, domin mai yana tara ƙasa. Sannan ka tabbatar jakar tana buɗuwa sosai tana nan a ɗaure, ba sai ka kwance ta ba kafin ka zaro liba.

Kada ka raina ɗan ƙyallen da ke ƙyalli in fitila ta haske shi, da 'yar madaurin rataya jar fitila a baya. Jakar takan rufe wurin da fitilar ke zama a sandar sirdi, kuma mai fita da duku-duku ko dawowa bayan Magariba a titin da babura da manyan motoci ke bi yana buƙatar a hango shi tun daga nesa.

Mataki na shida: shirya kayan, ka gwada a gida

In da hali, tafi shagon da kekenka da ƙunshin kayanka, ka gwada kafin ka biya. In ta intanet za ka saya, kada ka tsaya ga lita kawai, nemi tsawo da faɗi da tudu ka gwama da awonka. Jaka mai siririn gaba mai faɗin baya ita ce ba ta gogar cinya.

Wajen shiryawa, sa tiyub cikin tsohuwar safa ko leda mai kauri, da murfin bawul ɗinsa a kai don kada bakin ya huda robar. Naɗe makulli da tsumman nan. Mai nauyi ya shiga can ciki kusa da sanda, abin da za ka fara nema kuma, wato liba, ya zauna a baki. Faci da sholisho su shiga 'yar ledarsu daban. Girgiza keken: in ka ji ƙarar ƙarfe, cusa ƙarin tsumma har ta yi shiru. Hau ka bi hanya mai gargada, ka miƙe tsaye kana taka feda, ka ji ko tana lilo ko tana taɓa ka.

Sannan ka yi gwajin da ya fi duka muhimmanci. A tsakar gida, sace iskar tayar baya da gangan, ka cire tiyub, ka mayar, ka hura, ba tare da ka taɓa komai ba sai abin da ke cikin jakar da famfon da ke jikin keken. A nan za ka gano ko libar tana lanƙwashewa, ko kan famfon bai dace da bawul ba, ko alankin ya yi gajeren da ba zai kai wani noti ba. Ka gwada faci ɗaya a tsohon tiyub: kankare wurin da sanfefa, shafa sholisho siriri ya fi facin faɗi, jira 'yan mintuna har ya daina sheƙi, sannan ka ɗora ka danne sosai. Gaggawar ɗora faci a kan ɗanyen sholisho ita ce ke sa ya ɓare a hanya. Kafin ka mayar da tiyub kuma, bi cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo ƙayar, in ba haka ba za ta huda sabon nan take.

Bayan haka sai kula. Duk wata ɗaya ko biyu ka zazzage jakar. Sholishon da aka taɓa buɗewa yana bushewa cikin kwalinsa, zafi kuma yana hanzarta hakan, don haka matsa shi ka gani, kuma gara ka riƙe ƙanana biyu da ba a fasa ba da babba ɗaya. Hura tiyub ɗin ajiya ka bar shi ya kwana don ka tabbatar yana riƙe iska. In ruwa ya doke ka a hanya, buɗe jakar da ka isa gida ka shanya komai, ka ɗiga wa makullin ɗan mai kafin tsatsa ta kama gaɓoɓinsa. Ranar da ka yi amfani da tiyub ko mahaɗin sarƙa kuwa, ka like wanda ya fashe ko ka sayi wani a ranar, ka mayar cikin jakar kafin ka sake fita.